William Wallace na Sikotlan: Na Tarihi da Na Fim

A shafinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan shekara mun zaɓi William Wallace, mutumin ƙasar Sikotlan wanda aka kashe a birnin Landan a 1305. Da wuya a sami ɗalibi a manyan azuzuwanmu wanda bai taɓa kallon fim ɗin nan mai suna Braveheart ba, ko aƙalla bai ji ana ba da labarinsa a ɗakin kwana ba. Fim ɗin ya fito a 1995. Mel Gibson ne ya shirya shi, shi ne kuma ya fito a matsayin Wallace, har fim ɗin ya ci kyautar Oscar guda 5. Ta wurinsa ne mutane da yawa a duniya suka fara jin sunan wannan bawan Allah. Amma Wallace na fim da Wallace wanda ya taka ƙasa, suna ne ya haɗa su, sai kuma 'yan abubuwa ƙalilan. Saboda haka za mu bi rayuwarsa daki-daki bisa ga abin da takardun zamaninsa suka nuna, mu kuma riƙa tsayawa inda masu fim suka saki hanya.

Sikotlan tana arewacin tsibirin Birtaniya, Ingila kuwa tana kudu da ita. Ba baƙuwar ƙasa ba ce ga mai karatun tarihin Nijeriya, gama daga can ne Mungo Park ya fito, da Hugh Clapperton wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, da Mary Slessor ta Kalaba. A zamanin da aka haifi Wallace, wajen 1270, Sikotlan ƙasa ce mai sarkinta da dokokinta da Ikilisiyarta, tana kuma zaman lafiya da Ingila shekaru da yawa. Wannan shi ne kuskure na farko a fim ɗin, wanda ya nuna yaron ya tashi cikin bauta a ƙarƙashin sojojin Ingila. Sa'ad da Wallace yake yaro babu sojan Ingila ko ɗaya da yake mulkin garinsu.

Game da asalinsa, an daɗe ana koyarwa cewa a Elderslie aka haife shi, sunan mahaifinsa kuma Malcolm. Amma akwai wata wasiƙa ta 1297 mai ɗauke da hatiminsa, hatimin kuwa ya ce shi ɗan Alan Wallace ne. An kuma sami sunan wani Alan Wallace cikin jerin masu riƙe da gonakin sarki a lardin Ayr a 1296. A jikin hatimin akwai zanen baka da kibiya. Iyalin dai ƙananan masu ƙasa ne, irin waɗanda sukan sami doki da makami idan yaƙi ya tashi. Ba su kai manyan hakimai ba, amma sun fi ƙarfin bukkar da aka nuna mana a fim. Tufafin ma ba daidai ba ne. Zanen nan mai ratsi-ratsi da mazan Sikotlan suke ɗaurawa zuwa gwiwa, sai a ƙarni na 16 aka fara sa shi, watau shekara wajen 300 bayan Wallace. Shunin da suka shafa a fuska kuma, al'adar da ake dangantawa da mutanen tsibirin ce tun zamanin Romawa, shekara dubu kafin a haife shi. Kamar a shirya fim a kan Sarauniya Amina ne a sa mata agogon hannu.

Masifar ta faro ne a watan Maris na 1286. Sarki Alexander na Uku ya hau doki da dare cikin hadari zai tafi Kinghorn wurin amaryarsa, sai da safe aka tsinci gawarsa a bakin teku. 'Ya'yansa uku duk sun riga shi mutuwa. Magajiyar da ta rage ita ce jikarsa Margaret, 'yar Sarkin Norwe, ƙaramar yarinya. Aka naɗa wasu manya su riƙe ƙasa kafin ta girma, amma a 1290 ta rasu a tsibirin Orkney tana kan hanyar zuwa, tana da shekara 7. Nan take mutum 13 suka fito neman sarauta, manya cikinsu kuwa su ne John Balliol da Robert Bruce, kakan wanda ya zama sarki daga baya. Don gudun yaƙin basasa, manyan ƙasar suka roƙi Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya raba gardama. Wannan kuwa ba kura ajiyar nama ke nan. Edward ya riga ya cinye ƙasar Wales da yaƙi, ya kuma ce ba zai yi shari'ar ba sai masu neman sarautar sun yarda shi ne ubangijinsu. Suka yarda. A watan Nuwamba na 1292 ya zaɓi Balliol, sa'an nan ya shiga wulakanta shi kamar dagacin ƙauye, yana kiransa Landan ya amsa ƙara, yana neman sojoji daga hannunsa don yaƙin Faransa.

Da abin ya ishe su, mutanen Sikotlan suka ƙulla alkawari da Faransa a 1295. Edward ya taso a 1296, ya fāɗa wa birnin Berwick, aka karkashe mutanen gari ba babba ba yaro. Ya ci rundunar Sikotlan a Dunbar, ya tuɓe Balliol a bainar jama'a, ya kwashe dutsen da ake naɗa sarakunan Sikotlan a kansa ya kai Westminster, inda ya zauna har 1996 kafin a mayar da shi. Ya sa manya da ƙanana suka yi masa mubaya'a a rubuce. Sunan William Wallace ba ya cikin wannan jeri, kuma wannan magana za ta dawo a ranar shari'arsa.

A nan ya kamata mu faɗi wani abu a kan Edward. Fim ya kira shi arne, ya kuma ce ya ba hakimansa izinin kwana da kowace amarya a daren farko. Babu takarda ko ɗaya ta zamanin da ta nuna an yi irin wannan doka a Sikotlan ko a Ingila. Edward kuwa mai ikirarin bangaskiyar Kirista ne, har ya je yaƙin Ƙasa Mai Tsarki a 1271, kuma da matarsa Eleanor ta rasu ya kafa gicciye 12 a wuraren da gawarta ta kwana. Wannan bai wanke shi daga jinin Berwick ba, ko daga korar Yahudawa da ya yi daga Ingila a 1290. Abin baƙin cikin dai shi ne, yaƙin nan duka tsakanin masu baftisma aka yi shi, kowane gefe da limamansa suna yi masa addu'ar nasara. Masu fim sun sauƙaƙa wa kansu da suka mai da gefe ɗaya arna.

Wallace ya shigo tarihi ne a watan Mayu na 1297, sa'ad da ya kashe William Heselrig, hakimin da Ingila ta naɗa a Lanark. Labarin cewa ramuwar jinin matarsa ya yi, daga baya ne ya bayyana, takardun lokacin ba su ambaci mata ba. Abin da yake tabbatacce shi ne, ƙasa ta riga ta cika ta batse saboda haraji da ƙwace ulu da jita-jitar cewa za a kwashi maza zuwa yaƙin Faransa. Mutane suka yi ta taruwa a bayansa. Tare da William Douglas ya kai hari Scone, babban alƙalin Ingila ya tsere da ƙyar ya bar kayansa. Marubutan Ingila sun zargi Bishop Robert Wishart na Glasgow da cewa shi ne yake ingiza Wallace a ɓoye, kuma akwai dalili, gama Ikilisiyar Sikotlan ta daɗe tana ƙin a sa ta ƙarƙashin babban bishop na York.

A daidai wannan lokaci wani saurayi ɗan babban gida, Andrew Moray, ya tsere daga kurkukun Chester ya koma arewa ya ta da tawaye, yana ƙwace kagara bayan kagara. Rundunarsa da ta Wallace suka haɗu kafin kaka. Mun roƙi masu karatu su riƙe wannan suna, domin fim ɗin ya share shi ƙaf, alhali kuwa shi da Wallace ne suka jagoranci yaƙin da ya sa ake tunawa da Wallace har yau.

Yaƙin ya auku ran 11 ga Satumba, 1297, a gadar Stirling. Kogin Forth ya kusa raba ƙasar gida biyu, wanda kuwa yake so ya kai runduna arewa, ta wannan gada zai bi. Gadar ta katako ce, ƙunƙuntacciya, mahaya biyu kaɗai suke iya wucewa kafaɗa da kafaɗa. A ƙetarenta akwai siririyar hanya cikin fadama, kogin kuma ya lanƙwaso ya kewaye wurin ta gefe uku. Edward yana can Flanders a lokacin. Rundunarsa tana hannun John de Warenne, babban hakimin Surrey, tsoho, da Hugh de Cressingham, ma'ajin da mutanen Sikotlan suka ƙi jininsa saboda haraji. Marubucin tarihi na gidan sufaye na Guisborough ya ce da safe wasu sojoji sun riga sun haye, aka komo da su don shugaban bai tashi daga barci ba. Wani barde ɗan Sikotlan da yake tare da Ingila, Richard Lundie, ya ba da shawara a ba shi mahaya ya haye ta wani mashigi a sama ya ɓullo wa abokan gaba ta baya. Cressingham ya ƙi, don yana ganin ɓata lokaci ne da ɓarnar kuɗin sarki.

Wallace da Moray suna kan tudun Abbey Craig suna kallo. Suka bari sai da adadin da za su iya ci ya haye, kana suka gangaro da māsu, wani ɓangare ya tare bakin gada. Waɗanda suka haye suka rasa gaba suka rasa baya. Dawakai suka kafe cikin taɓo, masu sulke suka nutse a kogi, sauran rundunar kuwa tana ɗaya gefen tana kallo ba ta da hanyar kai gudummawa. Aka kashe Cressingham, aka feɗe fatarsa aka yanyanka, abin da ba za mu yi masa kwaskwarima ba. Surrey ya gudu zuwa Berwick. A zamanin da kowa ya ɗauka dakaru ba za su iya tsayawa gaban barade masu sulke ba, wannan nasara ta girgiza mutane ƙwarai.

To, a fim ɗin babu gada. An yi yaƙin Gadar Stirling a fili fetal, ba kogi ba fadama, aka maye gurbinsu da ihu da doguwar huɗuba a kan doki. A ganinmu wannan ya fi kowane kuskure cutar da Wallace, domin gadar ita ce shaidar hankalinsa. Haƙurin jira da sanin ƙasa suka ci yaƙin. Wanda ya cire su ya bar mana ƙato mai ƙarfin tsiya kawai.

Moray ya ji rauni a yaƙin, ya rasu kafin shekara ta ƙare. Amma ran 11 ga Oktoba sunansa yana nan tare da na Wallace a kan wasiƙar da aka rubuta daga Haddington zuwa ga fataken Lübeck da Hamburg a Jamus, ana sanar da su cewa an ƙwato ƙasa, tashoshin jiragen ruwa a buɗe suke, su dawo ciniki. Wannan ita ce wasiƙar mai hatimi da muka ambata. Tana nuna mana mutum mai tunanin kasuwa da kuɗin shiga wata guda bayan yaƙi.

Daga nan ya ƙetare iyaka ya shiga Northumberland da Cumberland. Fim ya ce ya ci birnin York. Bai ko kusa da York ba, ko Carlisle ma bai iya ci ba don ba shi da kayan fasa ganuwa. Abin da aka yi shi ne ƙone ƙauyuka da kwashe hatsi da shanu, talakawan arewacin Ingila kuwa suka sha irin azabar da mutanen Berwick suka sha. A Hexham ya ba sufaye takardar kāriya, amma labarin wurin ya nuna ko shi kansa bai iya hana sojojinsa satar kayan bagade ba. Dole mai son Wallace ya haɗiye wannan tare da sauran.

Kafin ƙarshen Maris na 1298 an naɗa shi barde, an kuma ba shi muƙamin Mai Riƙon Ƙasa. A takardunsa ya bayyana cewa da sunan Sarki John Balliol yake mulki. Wannan ma abin lura ne. Wallace bai yi yaƙi don ya ɗora Bruce a gadon sarauta ba, bai kuma nemi sarautar wa kansa ba. Har ya mutu mutumin Balliol ne, sarkin da yake tsare a hannun Ingila a 1298.

Mulkinsa bai cika shekara ba. Edward ya dawo daga Flanders ya taso da babbar runduna, da dubban dakaru daga Wales. Wallace ya bi dabarar ja da baya yana kwashe abinci daga hanyarsu, ta kuwa kusa yin aiki. Yunwa ta kama rundunar Ingila, mutanen Wales suka sha giya suka yi faɗa da Ingilishi, har Edward ya fara shirin komawa Edinburgh. Sai wasu manyan hakimai biyu 'yan Sikotlan suka aika masa da labarin cewa Wallace yana kusa, a Falkirk. Ran 22 ga Yuli, 1298, aka gwabza. Wallace ya jera dakarunsa cikin manyan da'ira 4, māsu suna fuskantar waje kamar ƙayar bushiya, 'yan baka a tsakaninsu, mahaya a baya. Baraden Ingila suka fāɗa musu. Mahayan Sikotlan, waɗanda ba su da yawa, suka bar filin, aka karkashe 'yan baka, amma da'irorin suka tsaya daram. Sai Edward ya janye baradensa ya sa 'yan baka da masu majajjawa su yi ta zuba wa mutanen da ba su da wurin motsawa. Da layuka suka yi giɓi, barade suka koma suka gama aikin. Wallace ya tsira da ransa, ba da jimawa ba kuma ya sauka daga muƙaminsa. Robert Bruce, jikan mai neman sarautar nan, da John Comyn suka gaje shi.

Fim ya nuna Bruce a Falkirk da fuska a rufe yana yaƙi a gefen Ingila. Akwai wani tsohon littafin tarihi na Sikotlan da ya faɗi kusan haka, amma sunansa ba ya cikin jerin shugabannin rundunar Edward na wannan rana, kuma 'yan makonni bayan yaƙin an ga Bruce ya ƙone kagarar Ayr don kada Edward ya amfana da ita. Duk da haka ba za mu mai da Bruce waliyyi ba. A 1302 ya yi wa Edward mubaya'a, a 1304 kuma yana cikin rundunar da ta fita farautar Wallace a Happrew. Ainihin labarin ya fi na fim nauyi: mutum ne mai auna inda riba take, wanda daga baya ya zama sarkin da ya ƙwato ƙasar.

Shekaru 7 na ƙarshen rayuwar Wallace su ne fim ya tsallake, mu kuwa su suka fi ba mu sha'awa. A 1299 ya ƙetare teku zuwa Faransa neman taimako. A watan Agusta na wannan shekara, wani ɗan leƙen asirin Ingila ya rubuta abin da ya faru a taron manyan Sikotlan a Peebles. Wani barde ya nemi a ba shi gonakin Wallace don ya bar ƙasa ba da izini ba. Malcolm, ɗan'uwan Wallace, ya ƙaryata shi, aka zare wuƙaƙe, har Comyn ya shaƙe Bruce a wuya kafin a raba su. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, Edward kuwa ya san kowace tsaga. A Faransa, Sarki Philip na Huɗu ya rubuta wa wakilansa a Roma ran 7 ga Nuwamba, 1300, cewa su taimaki Wallace a gaban Paparoma Boniface na Takwas. Wasiƙar tana nan har yau. Amma siyasar manya ta juya. Faransa ta sha kashi a Flanders a 1302, ta yi sulhu da Ingila a 1303 ba tare da Sikotlan ba, Paparoma ma ya sauya murya.

Wallace ya riga ya komo gida, yana yaƙin sari-ka-noƙe a dazuzzukan kudu. A watan Fabrairu na 1304 Comyn da sauran manya suka miƙa wuya, aka bar musu rayukansu da gonakinsu. Wallace kaɗai Edward ya ƙi yi wa alkawarin kome, har ya sa wa waɗanda ya yafe musu sharaɗin su kamo shi don su nuna amincinsu. Ya ƙara fiye da shekara guda yana ɓuya. A farkon Agusta na 1305 aka kama shi a Robroyston kusa da Glasgow. Wanda ya ba da shi, John de Menteith, ɗan Sikotlan ne mai riƙe da kagarar Dumbarton a madadin Edward.

Ran 23 ga Agusta aka shigar da shi babban zauren Westminster, aka ɗora masa rawanin ganye don ba'a. Ba a ba shi damar kāre kansa ba. Aka karanta laifofin: kisan kai, ƙone garuruwa da majami'u, da cin amanar sarki. Labarin shari'ar ya ce na ƙarshen ne ya musa, bisa ga hujjar cewa bai taɓa yi wa Edward rantsuwar biyayya ba, saboda haka ba shi da amanar da zai ci. A ranar aka ɗaure shi a bayan doki aka ja shi cikin titunan Landan zuwa Smithfield. Aka rataye shi, aka sauke shi da sauran rai, aka farke cikinsa, aka fille kansa, aka raba jikinsa kashi 4. Kan aka kafa a Gadar Landan, sauran aka aika Newcastle da Berwick da Stirling da Perth. Shekarunsa wajen 35. A nan kam fim bai ƙara gishiri ba, ragewa ma ya yi.

Inda ya ƙara shi ne a kan Isabella, 'yar Sarkin Faransa. An nuna ta matar ɗan Edward, ta yi soyayya da Wallace, har ta raɗa wa Edward a gadon mutuwarsa cewa cikin da take ɗauke da shi ba na gidansa ba ne. Lissafi kaɗan ya isa. An haifi Isabella wajen 1295, watau sa'ad da aka kashe Wallace yarinya ce 'yar shekara 10 a gidan ubanta a Faransa. Ba ta auri Edward na Biyu ba sai a 1308. Ɗanta na fari, Edward na Uku, a 1312 aka haife shi, shekara 7 bayan mutuwar Wallace. Edward na Ɗaya kuma bai mutu rana ɗaya da Wallace ba, sai a watan Yuli na 1307, a Burgh by Sands, yana kan hanyar wani yaƙin da Sikotlan. Wasu za su ce ai wasa ne, kowa ya san fim ba littafin makaranta ba ne. Mu dai mun ga an ɗora wa yarinya zina, an mai da sarki shege, an ɗora wa Wallace kansa kwana da matar wani, duk da sunayensu na gaskiya. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ba ta ware matattu ba.

Amma kada mu ɗora wa mutanen Amurka laifin duka, gama ƙarin gishirin ya girme su nesa ba kusa ba. Wajen 1477, shekara 170 da ɗoriya bayan Wallace, wani mawaƙi da ake kira Blind Harry, watau Harry Makaho, ya tsara doguwar waƙa a kansa mai layi kusan 12,000. Ya ce daga littafin Latin na wani limamin Wallace ya samo labarin, littafin da ba wanda ya taɓa gani. A cikin waƙar ne aka sami yaƙe-yaƙen da ba a taɓa yi ba, da sarauniyar Ingila da ta zo roƙon Wallace. Harry ya yi waƙarsa a lokacin da Sarki James na Uku yake neman shiri da Ingila, wasu manya kuwa ba sa so, don haka kowane baiti yana da aikin da aka sa shi. Duk wanda ya san yadda maroƙi yake wasa kakan mai gida ya san irin wannan aiki. A 1722 William Hamilton ya sabunta harshen waƙar, ta shiga gidajen talakawa ko'ina a Sikotlan. Daga wannan rijiya Randall Wallace, marubucin fim ɗin, ya ɗebo ruwansa. Yawancin fagagen yaƙin kuma a ƙasar Ailan aka ɗauke su, da sojojin wucin gadi na Ailan a matsayin mayaƙa.

Abin da ya biyo bayan mutuwarsa a taƙaice ne. A watan Fabrairu na 1306 Bruce ya kashe Comyn a cikin majami'a a Dumfries, a watan Maris aka naɗa shi sarki a Scone. Ya ci Edward na Biyu a Bannockburn a watan Yuni na 1314, bayan shekara 8 na yaƙi, ba bisa ga wani zafin zuciya na farat ɗaya ba kamar yadda ƙarshen fim ya nuna. A 1328 Ingila ta amince da 'yancin Sikotlan a rubuce. Bruce ya rasu a 1329, James Douglas ya ɗauki zuciyarsa cikin ƙaramin akwati zuwa yaƙi a Sifen, daga baya aka binne ta a Melrose. Wallace kuwa ba shi da kabari.

A 1869 aka gama gina masa hasumiya mai tsawon mita 67 a kan Abbey Craig, tudun da ya tsaya ya kalli gadar, tana da matakala 246. A ciki akwai wani dogon takobi da ake cewa nasa ne, ko da yake masana sun nuna yawancin ƙarfensa na baya ne. Ran 11 ga Satumba, 1997, shekara 700 cif bayan yaƙin gadar, mutanen Sikotlan suka jefa ƙuri'ar amincewa da kafa majalisarsu, wadda ta fara zama a 1999. A 2014 aka tambaye su ko su rabu da Birtaniya gaba ɗaya, kashi 55 cikin 100 suka ce a'a. A 1997 ɗin ne kuma aka kafa wani mutum-mutumin Wallace a gindin hasumiyar, wanda aka sassaƙa da fuskar Mel Gibson. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto da shi, wasu mutanen yankin kuwa suka yi ta ɓata shi har sai da aka riƙa kulle shi cikin keji da dare. A 2008 aka ɗauke shi aka mayar wa wanda ya sassaƙa shi.